Darasi: Kare, Kashi Da Hantar Shanu

Kwanan baya wani ɗan'uwa daga Maamobi ya tare ni a karar Tulaku ta Ashaiman yana kuka da karen da ke masa gadin garke, wai ba ya da aiki sai cin kashi, na shanu da na mutane, ya doke shi har ya gaji. Na ce, Alhaji, ajiye sandar nan.

Cin kashi ɗabi'ar kare ce tun asali. Karya ma lashe na 'ya'yanta take yi a makonnin farko. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya a Amurka a 2018 ya gano kusan kare ɗaya cikin shida na yin haka a kai a kai, kuma magungunan da ake barbaɗawa a abinci don hana shi kusan ba sa aikin komai. To balle namu, da ake bari da yunwa yana bin kwatar Nima. A ba shi abinci ya ƙoshi, a ɗaure shi, a kwashe kashi da sassafe kafin a sake shi. Abin da bai gani ba, ba zai ci ba.

Amma mu fatake, asararmu tana wajen kashin karen kansa. Kun san ƙullutun nan masu ruwa da ake gani a hanta ko huhu in an feɗe sa? 'Ya'yan wata ƙaramar tsila ce. Mahauci ya yanke wurin ya jefa wa kare, wai kada a yi asara. Cikin kamar mako shida tsilar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya faɗa cikin ciyawa ko kwamin ruwa, saniya ta haɗiye. Ni kaina na taɓa ɗauko bijimi tun daga Paga, lafiyayye a ido, ma'aikacin duba nama ya cire hanta da huhu gaba ɗaya, mahauci kuwa ya zabtare mini kuɗi. Kuma ba shanu kaɗai ba, yaron da ya shafa karen ya ci tuwo bai wanke hannu ba, ƙullutun na iya fito masa a hanta, wani lokaci sai an yi tiyata.

Haka nan mabiyiya da ɗan maraƙin da aka yi ɓarinsa, kada kare ya ci. Akwai ƙwayar cuta, Neospora, da aka tabbatar a 1998 cewa ta kashin kare take komawa ga shanu, tana jawo ɓari.

Saboda haka kayan cikin da ya lalace a ƙone shi ko a binne da zurfi. Kada kare ya kwana kan harawa ko dusa. Sa'an nan a nemi likitan dabbobi ya ba shi praziquantel aƙalla sau huɗu a shekara, a kuma binne kashin da ya yi kwana biyu bayan shan maganin, don ƙwan yana nan da rai a ciki.