Sayen Ƙaramar Kamara ta Gida

Mai salula yana da kamara a hannunsa. Amma mai ordinatar ta bisa tebur, in yana son ganin ɗansa da ke ci-rani a Abijan, sai ya sayi ƙaramar kamara wadda ake soka wayarta a kafar USB.

A jikin kwali za ku ga 720p ko 1080p. Wannan yawan layukan hoto ne. Ta 1080p ta fi fitar da hoto, ta kuma fi tsada. To amma in rezo ba ƙarfi, hoton zai isa can da hazo, ko jika nawa kuka biya. Don gaisuwa da iyali, 720p ta isa. Logitech C270 irinta ce, kuma da mikoro a cikinta.

Ku kula da mikoron nan sosai. Tsohuwa tana haƙuri da hoto mai hazo, amma ba ta haƙuri da rashin jin muryar ɗanta.

Kar ku biya sai mai kanti ya gwada maku. A gida kuwa, ku zamna kuna fuskantar taga. In kun ba ta baya, inuwarku kawai za a gani.