Yadda Ake Tanadar Wa Ƙudan Zuma Ruwa Ba Tare Da An Cutar Da Kare Ba, Da Taimakon Wayar Hannu

A ƙauyukan arewacin jihar Kano, kamar na Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi da Tsanyawa, gona tana manne da gona, gida kuma ba shi da nisa da gida. Masanin nan Michael Mortimore ya yi fice wajen nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano, saboda yawan jama'arsa da yadda ake noma ƙasarsa kowace shekara ba hutu. A irin wannan wuri babu wani daji mai nisa da za a je a rataye amya. Saurayin da ya fara kiwon zuma, ko da amyar gargajiya ce a kan ɗorawa ko akwatin katako na zamani, yakan ajiye ta a bayan gida ko a gefen gona, kusa da rijiya, kusa da turken dabbobi, kusa da karen gadi.

Da damina babu damuwa. Matsalar tana farawa ne idan kududdufai suka ƙafe. Wanda yake kusa da madatsar ruwa ta Thomas ko ta Watari yana da sauƙi, amma sauran jama'a ƙudan zumarsu sai ya koma neman ruwa a bakin rijiya, da gindin famfon tuƙa-tuƙa, da kaskon da kare yake sha. Daga nan ake samun kare da kumburarren baki, da rigima da maƙwabta, wani lokaci ma zumar ta tashi gaba ɗaya. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake kauce wa haka da kayan da ke cikin gida da kuma wayar da ke aljihu.

Me ƙudan zuma yake yi da ruwa?

Aiki uku ne. Na farko sanyaya gida. Wurin da sarauniya take ƙwai dole ne ya tsaya a zafin kusan digiri 34 zuwa 35. A watannin Maris da Afrilu da Mayu kuwa zafin Kano yakan kai digiri 40 ko ya wuce. Sai wasu ƙudajen su ɗebo ruwa, a shafa shi a jikin saƙa, wasu su yi ta fifita da fukafukansu har ya bushe. Bushewar ruwan ce take tafiya da zafi, kamar dai yadda randar ƙasa take sanyaya ruwan da ke cikinta. Na biyu, da ruwa suke tsinka tsohuwar zuma mai kauri kafin su sha. Na uku, masu renon 'ya'ya suna buƙatarsa don haɗa abincin da suke ba su.

Ƙuda ɗaya ba ya iya ɗaukar fiye da kimanin ɗigo ɗaya a sawu guda, alhali amya mai ƙarfi tana iya shanye lita ɗaya ko fiye a ranar zafi. Ke nan sawu dubbai ne a wuni. Shi ya sa suke neman wuri mafi kusa wanda ruwansa ba ya yankewa. Idan ɗaya ya samu, yakan koma ya yi wa 'yan uwansa kwatance da irin rawar nan da Karl von Frisch ya gano ma'anarta, binciken da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1973. Da zarar sun saba da wuri, raba su da shi yana da wuya. Idan kuma ruwa da abinci suka yi ƙaranci, ƙudan zumar Afirka an san shi da barin amya ya yi gaba, mai kiwo ya tashi a tutar babu.

Ta ina haɗarin yake zuwa wa kare?

Haɗarin iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance su. Na farko shi ne na wurin shan ruwa. Ƙudan da ya zo ɗibar ruwa ba ya faɗa, domin ba gidansa yake karewa ba. Yana harbi ne idan aka taka shi ko aka cafke shi. Kare kuma ɗabi'arsa ce ya kai wa ƙuda cafka, sannan idan ya sa baki a kasko yakan haɗa da ƙudan da ya faɗa ciki. Harbi a harshe ko maƙogwaro, ko ɗaya ne, yana iya kumbura ya toshe numfashi.

Na biyu shi ne na kusa da amya, kuma ya fi muni. Idan ƙuda ya yi harbi, ƙarinsa yana maƙalewa a fata yana fitar da wani ƙamshi mai kama da na ayaba, wanda yake kiran sauran su zo su harbi wuri guda. Likitocin dabbobi sukan ƙiyasta cewa harbi kusan 20 a kan kowane kilo na nauyin dabba yana iya kisa. Karen da ya kai kilo 15 ke nan harbi 300, kwikwiyo mai kilo 3 kuwa harbi 60 kawai. Amya ɗaya tana da ƙudaje dubbai. Karen da yake sake zai gudu ya tsira, amma wanda aka ɗaure ba shi da mafita. Haka abin yake ga akuya da jaki da ke kan turke.

Mataki na farko: auna wuri da taswirar waya

A buɗe manhajar Google Maps, a juya ta zuwa hoton tauraron ɗan Adam, a nemo gidan. A danna yatsa a riƙe a kan wurin da amya take har alama ta fito, sannan a zaɓi auna nisa. A auna daga amya zuwa rijiya, zuwa famfo, zuwa turke, zuwa inda kare yake kwana. A rubuta waɗannan lambobi a ajiye. Wanda ba shi da data yana iya aunawa da taku.

Ƙa'idar ita ce, ruwan da za a tanada dole ya fi duk waɗannan kusa da amya, kuma ya kasance a ɓangaren da yake nesa da kare. Idan kare yana gabas da amya, ruwa ya koma yamma, don kada hanyar zirga-zirgarsu ta bi ta kansa. Kada a ajiye ruwan daidai gaban ƙofar amya, domin a nan suke zubar da kashi da gawawwaki. Taku biyar zuwa goma a gefe, a ƙarƙashin inuwa, ya wadatar. Idan lissafi ya nuna cewa turke ya matso amya sosai, to ɗaya daga cikinsu ne zai tashi.

Mataki na biyu: haɗa mashayar

Ana buƙatar kasko mai faɗi marar zurfi, da tsakuwa, da guntayen kara, da jarka mai lita 25. A wanke jarkar sosai. Wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinta ba ta da amfani a nan ko an wanke. A cika kaskon da tsakuwa yadda kawunanta za su fito saman ruwa, a jefa guntayen kara su yi yawo a kai. Ƙudan zuma ba ya iya iyo, yana buƙatar busasshen wurin tsayawa ya miƙa harshe. Tsumman buhun algarara da aka jiƙa shi ma yana yi, domin sun fi son tsotso daga abu mai laima.

A huda jarkar da allura daga ƙasa, a sassauta murfinta kaɗan don iska ta shiga, a ɗora ta sama da kaskon. Kaskon kansa a ɗaga shi sama da mita ɗaya a kan bulo ko cokulan itace, inda kare da kaji da ƙananan yara ba za su kai ba. A kewaye wurin da darni ko zana mai tsayin kusan mita biyu. Ban da tsare dabbobi, shingen yana tilasta wa ƙudan tashi sama, ya wuce ta bisa kan mutane.

Ƙudan zuma ya fi son ruwa mai ɗan wari da ɗanɗanon gishiri a kan ruwa mai garau, shi ya sa yake son gefen turke. Don jawo shi a kwanakin farko, ana iya barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu za su ɗauka, a cikin kaskon. Kada a zuba sukari ko zuma. Suna jawo kiyashi da ƙudajen wasu amyoyin, faɗa ya ɓarke, kuma zaƙin yana jawo karen da ake son nesantawa.

Mataki na uku: lissafin ɗigo da agogon waya

Ɗigo 20 ya kai kimanin mililita ɗaya. A buɗe agogon ƙirga daƙiƙa na waya, a ƙirga ɗigon da yake sauka a minti ɗaya. Idan 30 ne, wato ɗigo ɗaya duk daƙiƙa biyu, an samu mililita ɗaya da rabi a minti, mililita 90 a awa, sama da lita biyu kaɗan a kwana. A wannan sauri jarka mai lita 25 za ta yi kusan kwana 11. Sai dai ɗigon yana raguwa yayin da ruwa yake ƙasa a jarka, wani kuma rana ce take shanye shi, don haka a riƙa cikawa tun ba ta kai rabi ba. Mai amya biyu ko uku sai ya ƙara huda.

A sa ƙararrawar waya biyu. Ta kullum bayan sallar asuba don leƙa kasko, lokacin da ƙudan bai fita sosai ba. Ta mako-mako kuma don zubar da ruwan da goge kaskon. Sauro yana ɗaukar kimanin kwana bakwai zuwa goma daga ƙwai zuwa tashi, saboda haka wanki duk mako yana katse shi. A riƙa duba hasashen yanayi a manhajar waya ko sanarwar hukumar NiMet. Ranar da aka ce zafi zai kai digiri 40, a leƙa kaskon sau biyu. Mashayar da ta bushe wuni ɗaya tana iya mayar da su rijiyar maƙwabta.

Mataki na huɗu: kyamara a madadin tsayuwa a rana

Don a san ko sun karɓi sabon wurin, a ɗauki hoton kaskon daga nesa da zuƙowa, a lokaci ɗaya kowace rana, misali ƙarfe biyu, a ƙirga ƙudajen da ke ciki. A yi wa kaskon kare haka nan. Idan lambar farko tana hawa ta biyu tana sauka, aiki yana kyau. Mai tsohuwar waya yana iya jingine ta ya kunna ɗaukar bidiyo mai taƙaita lokaci, wanda yake mayar da awa guda ta zama 'yan daƙiƙu, ya ga inda suke fitowa da inda suke nufa. A ajiye wayar a inuwa. Kamfanin Apple ya ce iPhone an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma rana tana lalata musu batir.

Da dare kada a haska amya da tocilan waya, domin ƙudan yana bin farin haske har hannun mai riƙe da shi. A rufe fitilar da jar leda, saboda ba ya ganin jan launi sosai.

Shi kuma kare fa?

Kare mai kilo 15 yana buƙatar kusan lita ɗaya a rana, fiye da haka da bazara. Hana shi ruwa don korar ƙuda zalunci ne kuma haɗari ne. Abin yi shi ne a mayar da kaskonsa cikin rumfa mai duhu ko wani ɗan ɗaki, domin ƙuda ba ya son shiga duhu neman ruwa. A riƙa sauya ruwan safe da yamma, a share laimar da ke kewaye. Tsohon wurin a bar shi a bushe na wasu kwanaki har masu zuwa su gaji. Mafi sauƙi shi ne a kafa mashayar tun watan Oktoba ko Nuwamba, kafin su saba da wani wuri. Ranar cire zuma kuwa, a kai kare da dabbobin turke nesa, a kuma sanar da maƙwabta.

Idan an riga an harbe shi

A fara fitar da shi daga wurin zuwa cikin ɗaki. A kankare ƙarin da farce ko gefen katin ATM da gaggawa, domin yana ci gaba da zuba dafi muddin yana jiki. A ɗora tsumma mai ruwan sanyi. A yi hattara da bakinsa, kare mai jin ciwo yana iya cizon mai shi. Kada a ba shi ibuprofen ko farasitamol na mutane, suna iya yi masa mummunar illa. Idan fuska ta kumbura sosai, ko numfashi ya yi wuya, ko yana amai, ko dasashinsa ya yi fari, ko ya kasa tsayuwa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko harbin yana da yawa, a nemi likitan dabbobi nan take. A ɗauki ɗan gajeren bidiyo a tura masa ta WhatsApp yayin da ake neman abin hawa.

Lambar likitan dabbobi ko ma'aikacin sashen dabbobi na ƙaramar hukuma ya kamata ta kasance cikin waya tun yau. Mai son ƙarin ilimi kan kiwon yana iya tuntuɓar malaman gona na KNARDA ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. A tura wannan darasi ga duk wanda aka san yana da amya a bayan gida, tun kafin bazara ta shigo.