Dahuwa a Daji Tare da Iyali

'Yan'uwa, idan kaka ta yi, da yawa a cikinmu mukan kwashi iyali mu tafi gona mai nisa, mu kafa bukka, mu zauna can har a gama girbi. A gida wuta tana da madafi da katanga. A daji kuwa ba ta da katanga sai hankalin mai hura ta. Bari mu koyi abu huɗu.

1. Murhu. Mu share ciyawa kamar taki 3 ta kowace fuska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, saboda haka mu kafa murhu kudu maso yamma da bukka, domin tartsatsi ya yi nesa da jinka. Kada mu ɗauko duwatsun murhu daga cikin rafi, gama ruwan da ke cikinsu yakan zama tururi, dutse ya fashe.

2. Itace. Kara yakan ci nan da nan ya mutu, amfaninsa kunna wuta ne kaɗai. Ƙirya da marke su ne masu garwashi mai daɗewa. Kada mu fere tsinken tsire daga tumfafiya ko tinya, gama farin ruwansu dafi ne. Yaro kuma ya fara juya itace da sanda kafin ya sa hannu, don kunama da kububuwa suna son ƙarƙashinsa.

3. Dahuwa. Harshen wuta na tukunya ne, garwashi kuwa na gashi. Wanda ya ɗora nama a kan harshen wuta zai ƙone bayansa, cikinsa yana ɗanye, ɗanyen nama kuwa yakan kawo tsutsar ciki. Mu yanka shi sirara, mu yi haƙuri har jan cikinsa ya ɓace. Ruwan rafi kuma, sai ya tafasa sosai har minti 1 kafin a sha.

4. Kashe wuta. Nan ne mu kan yi sakaci, gama gajiya ta kama kowa. Garwashin da aka rufe da ƙasa ko toka yakan kwana da zafinsa, da safe ƙaramin yaro ya taka. Mu zuba ruwa, mu motsa tokar, mu sake zubawa har ta huce. Idan yaro ya ƙone, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko gishiri. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannunsa girma, ko kuwa a fuska ta ke, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Mu maza kada mu bar wa mata wannan kaya su kaɗai. Uwa tana tuƙa tuwo, ba ta da ido a ƙeya. Sa'ad da ta ke dahuwa, uba ya zauna tsakanin yara da wuta. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Ta wace fuskar bukka za mu kafa murhu da hunturu?
2. Don me ba a rufe garwashi da ƙasa a tafi barci?