Faɗuwar Gaba da Yadda Damuwa Ke Cin Jiki

Akwai wani ciwo da ya yawaita a cikin jama'armu, maza da mata, birni da ƙauye, amma ba kasafai ake gane shi ba. Mutum yana zaune lafiya ƙalau a rumfarsa ta kasuwa, ko a cikin A Daidaita Sahu, ko ma yana kwance da tsakar dare, sai ya ji gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, zufa ta karyo masa, yatsu da leɓe su ɗauki tsira kamar ana caka masa allura, jiri ya ɗebe shi. Abin da ya fi duka muni shi ne yaƙinin da ke zo masa cewa yau kwanansa ya ƙare, har wani ya fara kalmar shahada yana barin wasiyya. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti abin ya lafa. Likita ya auna jini, ya saurari ƙirji, ya ce bai ga komai ba. Bayan mako guda abin ya dawo. Daga nan sai 'yan uwa su rabu gida uku: wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu ne, wasu kuma su ce raki ne kawai. Wannan takarda tana son ta nuna cewa firgici da doguwar damuwa suna sauka cikin tsoka da jini ta hanyoyin da aka sani aka kuma auna, saboda haka mai fama da su majinyaci ne kamar mai hawan jini, kuma akwai abin da za a yi masa.

Bari mu fara da yadda Allah ya tsara jiki. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta wadda ba ta wuce kan babban yatsa ba. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika wa waɗannan halittu biyu saƙo, su zuba wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini. Nan take zuciya za ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, jini ya janye daga ciki da fata ya koma damatsa da cinyoyi, narkewar abinci ta tsaya, yawu ya ƙafe. Wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya yi bayanin wannan tun 1915, ya nuna shiri ne na ko dai a gudu ko a tsaya a yi faɗa. Shiri ne mai kyau, shi ke sa manomi ya yi tsalle ya kauce wa kububuwa tun bai gama tantance ta ba. Abin da ke faruwa ga mai faɗuwar gaba shi ne duk wannan shiri yana tashi babu maciji babu ɓarawo, tamkar karen da ke haushi cikin dare alhali ba kowa a bakin zaure. Kuma abin yana ciyar da kansa. Saurin numfashi yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, wannan ne ke kawo jiri da tsirar yatsu. Mutum ya ji su ya ƙara tsorata, tsoron ya ƙara zubo adiranalin. Yawanci abin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sa'an nan ya sauka da kansa, domin jiki ba ya iya riƙe wannan hali na dogon lokaci.

Wannan na ɗan lokaci ke nan. Wadda ta fi ɓarna ita ce damuwar da ba ta da ƙara, wadda ake kwana da ita a tashi da ita: bashin da ya ƙi biyuwa, kuɗin haya, zaman gidan da babu daɗi, ɗan da ya faɗa shaye-shaye. A nan wani sinadarin ne, kotisol, ke zama cikin jini fiye da yadda ya kamata. Yana ɗaga sukarin jini, yana taimakawa wajen hawan jini, yana hana barci mai nauyi, yana kuma raunana garkuwar jiki. A 1936 Hans Selye, a birnin Montreal na Kanada, ya lura cewa ɓerayen da aka daɗe ana takura wa, da sanyi ne ko da gajiya, duk sukan ƙare da kumburin waɗannan halittu na saman ƙoda da gyambo a tumbi. In an ce ai wannan ɓera ne, to ga na mutane. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutum 394 ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu. Waɗanda suka fi damuwa su suka fi kamuwa. A 1995, a jihar Ohio ta Amurka, aka yi wa wasu mata masu jinyar tsofaffinsu da suka ruɗe ɗan ƙaramin rauni a hannu, aka yi wa wasu matan da ba sa jinya irinsa. Na masu jinya sai da ya ƙara kusan kwana 9 kafin ya warke. A 2004 kuma aka fitar da wani babban bincike kan bugun zuciya da ya game ƙasashe 52, har da na Afirka, ƙarƙashin jagorancin Salim Yusuf, ya sa damuwa a sahun abubuwan da ke jawo ciwon, tare da taba da hawan jini da ciwon sukari.

Mai karatu mai lura zai ce: in haka ne, ashe mai faɗuwar gaba yana da gaskiya da yake jin zai mutu. Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne razana mai tsanani tana iya tsayar da zuciya. Ranar 17 ga Janairu 1994, da aka yi girgizar ƙasa a yankin Los Angeles, mutum 24 suka yi mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya, alhali a ranakun da suka gabata ba a cika wuce biyar ba. Amma waɗannan mutane ne da dama jijiyoyin zuciyarsu sun riga sun toshe. Ga wanda aka duba aka tabbatar zuciyarsa lafiya take, faɗuwar gaba ita kaɗai ba ta kisa, komai tsananinta. Shi ya sa dubawar farko ta zama wajibi. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji karon farko, musamman in ya haura shekara 40, ko yana da hawan jini ko sukari, ko ciwon yana sauka hannun hagu da muƙamuƙi, ko yana ƙaruwa in ya yi tafiya, asibiti zai nufa nan take, kada kowa ya ce masa tunani ne.

Wasu kuma sukan ce wannan ciwon Turawa ne da 'yan boko, talaka ina ya ga sararin firgita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. Mu ba a tsame mu ba. Abin da ya bambanta shi ne bakin da muke faɗarsa da shi. Tun 1960 wani likita, Raymond Prince, ya rubuta labarin ɗalibai a Nijeriya da ke zuwa da kukan zafi a tsakiyar ka, da jin kamar wani abu yana yawo a ƙarƙashin fata, da kasa riƙe karatu. Har yau haka ake zuwa. Ba mai shiga kemis ya ce damuwa ta yi masa yawa. Cewa zai yi, "Malam, jikina ne duk ba daɗi, kaina kamar an ɗora dutse, ba ni na taifot da maleriya." Mai kemis ya ƙirgo masa ƙwayoyi a leda, wani lokaci har da ƙarin ruwa a kan benci. Ya ji dama-dama na kwana uku, saboda an kula da shi ya kuma huta, sa'an nan ya dawo. Akwai mutanen da ke shan maganin taifot sau huɗu sau biyar a shekara bisa gwajin Widal guda ɗaya, gwajin da likitoci suka daɗe suna gargaɗin cewa shi kaɗai ba hujja ba ne. Kuɗi na tafiya, ƙwayoyin cuta na koyon bijire wa magani, ainihin ciwon kuwa ko taɓa shi ba a yi ba.

Sai dai kada a wuce gona da iri a mayar da kowane ciwo damuwa. Likitocin duniya kansu sun taɓa faɗawa wannan rami. Shekaru da dama suna cewa tunani ne ke kawo gyambon ciki, sai a farkon shekarun 1980 Barry Marshall da Robin Warren a Ostiraliya suka gano wata ƙwayar cuta a tumbi wadda ita ce sanadin yawancinsa, har aka ba su lambar Nobel a 2005. Damuwa tana tsananta olsa, amma sai an kashe ƙwayar ake rabuwa da ita. Haka kuma ƙarancin jini, da faɗuwar sukari, da asma, da ciwon halittar nan ta wuya mai kawo maƙoƙo in ta yi aiki fiye da kima, duk suna iya kwaikwayon faɗuwar gaba. A nan sai dattawa su yi haƙuri, domin goro ma yana ciki. Sinadarin da ke hana barci a kofi shi ne a goro, shi ne a shayi mai kauri, shi ne a lemukan ƙara kuzari da samari ke ɗirka. Mai faɗuwar gaba da ke cin goro biyar a wuni yana tsokano ciwonsa da kuɗinsa.

Magana mafi nauyi ita ce ta masu cewa raunin imani ne, wai da mutum ya yi tawakkali da bai firgita ba. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun ɓoye ciwonsu don kunya, kuma ba ta da tushe. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya sa idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya tuhumi imaninsa. Cikin addu'o'in da aka koya mana akwai ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ba a kuwa neman tsari daga abin da ba ya samun mumini. Fiye da shekara dubu da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, ya yi bayanin tsoro da firgici da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani, ya kuma nuna yadda ciwon rai ke jawo na jiki. Addu'a da zikiri suna kwantar da hankali, kada a bar su. Abin da ake ƙi shi ne a kulle yarinya a ɗaki ana turara mata barkono ana dukanta wai ana fitar da aljani, alhali abin da ke damunta ƙarin tsoro ne ke rura shi.

Akwai kuma masu cewa, da gaskiyarsu, ina amfanin koya wa mutumin Zamfara ko Borno jan numfashi, bayan abin da ke hana shi barci 'yan bindiga ne da tsadar masara? Jan numfashi ba ya korar ɓarayin daji, wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma. Amma likita ba ya ƙin ɗinke wanda mota ta buge don ba a gyara hanya ba. Wanda ya samu barci, zuciyarsa ta daina tsalle, shi ya fi iya neman abin da iyalinsa za su ci.

Abin yi ba shi da tsada. In abin ya taso, a zaunar da mutum, a rage taron da ke kansa, a daina salati da kururuwa a kunnensa. Mutum ɗaya ya riƙe hannunsa ya ce, "Sannu Yaya, ina tare da kai, zai wuce." Ya ja numfashi ta hanci a hankali yana ƙirga huɗu, ya sake shi ta baki yana ƙirga shida, domin tsawaita fitar numfashi ke sassauta bugun zuciya. Kada ya ƙaurace wa kasuwa ko masallacin da abin ya taɓa kama shi, don gudun wurin yana ƙara wa tsoron ƙarfi, har a wayi gari mutum ya kasa fita ƙofar gida. Tafiya a ƙasa ta rabin sa'a a yawancin ranakun mako tana taimakawa ƙwarai. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai jinya ta zama da ƙwararre ana warware tunanin da ke rura firgicin, akwai kuma magunguna irin su fuluksetin, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu, kuma likita ne kaɗai zai rubuta. A guji sayen baliyam a kemis: tana kwantarwa yau, gobe jiki ya saba ya ƙi zama sai da ita.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa mai irin wannan lalura yana da haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Akwai asibitocin ƙwararru a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, akwai kuma sashen wannan fanni a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Maigida da uwargida, in kuna da wani a gida da aka yi wa maganin taifot sau uku bai warke ba, yana yawan dafe ƙirji, ba ya barci, ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da ke damunsa, sa'an nan ku raka shi wurin likita ku faɗi duka, na jikin da na zuciyar.