YADDA MUSULMI ZAI CI RIBAR KWANAKIN JINYA

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi mutumin da likita ya ɗora wa doka. Watau kamar wanda ya karye aka sa masa filasta, ko macen da aka yi wa tiyata wajen haihuwa, ko dattijon da aka cire wa yanar ido, ko mai ciwon zuciya da aka hana shi aikin ƙarfi. Sau da yawa akan ce da irin waɗannan su yi mako shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba noma, ba tuƙi. Mai tarin fuka kuwa wata shida yake yi yana shan magani. A kwanakin farko zafin ciwo ne ke damun majinyaci, amma da zarar ciwon ya lafa, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, sai wata cutar ta biyo baya, ita ce gundura da kaɗaici. A nan ne wani zai ce ai ya ji sauƙi, ya saɓi fartanya ya nufi gona, ɗinki ya warware ko ƙashi ya goce, a koma gidan jiya. Wani kuma ya zauna, amma zuciyarsa ta cika da ƙunci da saƙe-saƙe har ya fara munana zato ga Ubangijinsa. Musulunci bai bar majinyaci a wannan hali ba tare da shiriya ba.

Kiyaye dokar likita yana cikin addini

Abu na farko da ya kamata majinyaci ya sani shi ne, zaman da yake yi biyayya ce. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mutane da neman magani, ya kuma sanar da su cewa tsufa ne kaɗai ba a sanya masa magani ba. To, kame jiki daga abin da zai tayar da ciwo wani yanki ne na maganin. Wata mata daga cikin Ansar, ana kiranta Ummul Munziri, ta ba da labarin cewa Annabi ya shiga gidanta tare da Sayyadina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, a lokacin Aliyu bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Akwai dabino a rataye, Annabi ya ci, Aliyu ma ya tashi zai ci, sai Annabi ya dakatar da shi domin bai gama murmurewa ba. Da ta dafa sha'ir da ganye ta kawo, sai ya umurce shi ya ci wannan domin ya fi dacewa da shi. Dabino halal ne, kuma Aliyu jarumi ne, duk da haka aka hana shi na ɗan lokaci, ya kuwa hanu.

Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir labarin wani mutum da dutse ya fasa masa kai a cikin tafiya, sa'an nan wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen taimama, suka ce ba shi da shi tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi sai ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, domin sun yi fatawa ba tare da sun tambaya ba. Saboda haka wanda ya karya dokar likita da sunan ibada ko tawakkali, ya sani ba a nemi haka daga gare shi ba. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Salla ita ce ke raba masa yini

Babban abin da ke kawo gundura shi ne yini ya zama ba kai ba gindi, safiya da maraice duk ɗaya. Maganin wannan yana cikin salloli biyar, domin salla ba ta faɗuwa daga kan mutum muddin yana cikin hankalinsa. Imrana ɗan Husaini, sahabin da Sayyadina Umaru ya aika Basra domin ya koyar da mutane, kuma ya rasu a can a shekara ta 52 bayan Hijira, yana fama da basir, sai ya tambayi Annabi yadda zai yi salla. Aka ce ya yi a tsaye, in bai iya ba ya yi a zaune, in bai iya ba ya yi a kan gefensa. Buhari ne ya ruwaito.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Ahalari da Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, sun jera wannan daki-daki. Wanda bai iya tsayuwa da kansa ba ya jingina, wanda bai iya ba ya zauna, sa'an nan kwanciya a gefen dama, sa'an nan na hagu, sa'an nan rigingine ƙafafunsa na fuskantar alƙibla. Wanda aka yi wa aikin ido aka hana shi sunkuyawa sai ya yi nuni da kansa, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Mai filasta ko bandeji a gaɓar alwala sai ya shafa a kai. Wanda ruwa zai cutar da shi ya yi taimama, kamar yadda ya zo a aya ta 6 cikin Suratul Ma'ida, kuma yana da kyau a ajiye masa dutse mai tsarki kusa da gado. Azumi ma haka ne: aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara sun ba mara lafiya damar ya sha, ya rama bayan ya warke.

Kada kuma ya yi baƙin cikin abin da ya wuce shi na jam'i ko nafila. Buhari ya ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya yana gida. A yaƙin Tabuka ma, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi ya gaya wa sahabbai cewa akwai waɗansu a Madina da suke tarayya da su cikin lada, uzuri ne ya tsare su.

Abin da zai cika tsakanin salla da salla

Ibn Abbas ya ruwaito cewa ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke yin hasararsu, lafiya da sarari. Majinyaci ya rasa ta farko na ɗan lokaci, amma ga ta biyu an ba shi da yawa, irin wadda ɗan kasuwa da ma'aikaci ke nema ba su samu. Abin da ya rage shi ne ya tsara ta.

Alƙur'ani izu 60 ne. Wanda ya ɗauki izu ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan La'asar, zai sauke cikin kwana 30. Wanda idonsa bai yarda ba, ko bai iya riƙe littafi ba, ya saurara daga rediyo ko waya. Wanda ya daɗe yana karatu bai san ma'ana ba, ga fassarar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da ta Shaihu Nasiru Kabara. Wanda kuma aka ba shi mako shida, ya lura cewa mako shida kwana 42 ne, kuma Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi hadisi 42 ne a cikinsa. Hadisi ɗaya a yini, ya karanta da hantsi, ya maimaita da dare, ranar da za a cire filasta ya kai ƙarshen littafin. Haka sunayen Allah 99: uku a yini sun ƙare cikin kwana 33.

Zikiri kuwa ba ya bukatar ƙafa ko hannu. A aya ta 191 cikin Suratu Ali Imrana, Allah Ya yabi masu ambatonSa a kowane hali na jiki, har da wanda yake kwance. Tasbihi da istigfari da salatin Annabi su ne abokan hirar wanda barci ya ƙaurace masa cikin dare a ɗakin asibiti.

Akwai abin koyi a tarihin malamai. Majduddini Ibnul Asir, mutumin Mausil a ƙasar Iraƙi, wanda ya rasu a shekara ta 606 bayan Hijira, babban magatakarda ne a fadar sarakunan garin. Sai wata cuta ta kama hannuwansa da ƙafafunsa har ya kasa rubutu, ya lazimci gidansa. Masu tarihi sun ambata cewa a cikin wannan zama ne ya yi yawancin wallafe-wallafensa, yana da jama'a masu taimaka masa wajen zaɓe da rubutu. Shi ne mai Jami'ul Usul, wanda ya tattara hadisan manyan littattafai shida, da kuma Annihaya, mai bayanin kalmomin hadisi masu wuya. Fiye da shekara 800 ke nan, malamai ba su daina buɗe su ba.

Ba kowa ne zai wallafa littafi ba, amma kowa yana da abin da zai iya. Dattijo ya tara jikoki ya biya musu allo, ya gaya musu asalin gidansu da sunayen kakanninsu. Mai sana'ar hannu, in likita ya yarda, ya ci gaba da ɗinkin hula ko saƙar faifai ko tufkar igiya, ya sami na cefane, zuciyarsa kuma ta huta da jin cewa ya zama nauyi. Wanda ya yi shekaru bai ji muryar wani ɗan'uwansa ba, ga waya a hannunsa, ya sada zumunci. Wanda ke da bashi a kansa ko a kan mutane ya sa a rubuta, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya kuma rubuta wasiyyarsa in yana da abin yin wasiyya, gama hadisin Ibn Umar ya kwaɗaitar da yin haka ga mai lafiya ma, kuma rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali.

Jiki ma yana da hakkinsa. Doguwar kwanciya ba motsi takan jawo gyambo a baya da ɗuwawu, takan kuma sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, abin da ke iya halaka mutum. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke cewa a riƙa juya wanda bai iya juyawa da kansa kamar kowace sa'a biyu, su kuma koya wa majinyaci motsa ƙafa da ɗan tattaki. Wanda aka ce ya motsa ya ƙi, daidai yake da wanda aka ce ya zauna ya ƙi.

Abubuwan da zai nisanta

Zaman banza ƙofar Shaiɗan ce. Majinyaci ya kiyayi mayar da ɗakinsa majalisar cin naman mutane, ko wurin karta da caca. Ya kiyayi kwana yana latsa waya yana kallon abin da bai halatta ba, ko yana bin labaran da ke ƙara masa tsoro. Ya kiyayi zargin maƙwabci ko kishiya da cewa su ne suka yi masa asiri, alhali likita ya gaya masa sunan cutarsa. An hana shi kuma fatan mutuwa saboda wahalar da ta same shi, kamar yadda Anas ya ruwaito. Amma faɗin inda ke masa ciwo ba laifi ba ne, ba ya kuma rushe haƙuri. Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, aka kuwa amsa masa, kamar yadda ya zo a aya ta 83 da ta 84 cikin Suratul Anbiya'i. Idan ƙunci ya yi tsanani har mutum ya daina ci, ya daina barci, ya daina magana, to, wannan ma cuta ce mai magani, a gaya wa likita.

Hakkin da ke kan 'yan'uwa

Gaida mara lafiya yana cikin hakkokin Musulmi a kan Musulmi. Abin da aka saba gani shi ne, a mako na farko gida ya cika har majinyaci ya rasa wurin hutawa, a mako na huɗu kuwa ba a ganin kowa, alhali a lokacin ne ya fi bukatar mutane. Ya fi kyau dangi da abokai su raba kwanaki a tsakaninsu. Mai dubiya ya taƙaita zama, ya yi addu'a, ya ƙarfafa masa zuciya, kada ya kawo masa labarin wane da ya mutu da irin wannan ciwo, kada kuma ya zuga shi ya bar maganin asibiti ko ya ci abin da aka hana shi. Wanda ya iya karatu ya karanta masa, wanda ke da ƙarfi ya nome masa gona ko ya tsare masa rumfa, domin yawancin masu karya dokar likita tunanin abin da iyali za su ci ne ke tayar da su. Masu jinya kuma, mata ko miji ko 'ya'ya, su yi haƙuri da saurin fushin majinyaci, shi ma ya riƙa gode musu.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa babu wata gajiya ko ciwo ko damuwa da za ta sami Musulmi, ko da sukar ƙaya ce, face an kankare masa zunubi da ita. Wanda ya haɗa wannan da salla a kan lokaci, da karatu, da kiyaye abin da aka hana shi, zai tashi daga gadonsa da abin da bai kwanta da shi ba.

Allah Ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti sauƙi, Ya sa jinyarsu ta zama kaffara, Ya saka wa masu kula da su da alheri. Amin.