Ciwon Ƙurar Asbesto Da Kamanninsa Masu Ruɗarwa

Akwai wani dutse da ake haƙowa daga ƙasa, sunansa asbesto. In an farfasa shi sai ya zama zare-zare kamar auduga, wuta kuwa ba ta cinsa. Saboda haka aka riƙa cuɗa shi da siminti ana yin rufin ɗaki da silin da bututun ruwa. Duk hakimin da ya zaga tsofaffin makarantu da ofisoshin ƙasarsa da wuya ya rasa irinsu.

Cikin 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, mai suna Wagner, tare da abokan aikinsa biyu, ya bayyana labarin mutum 33 da suka kamu da wata irin sankara, watau ciwon daji, a tantanin da ya lulluɓe huhu. In ban da ɗaya, dukansu sun taɓa zama ko aiki inda akwai ƙurar shuɗin asbesto. Waɗansu ma ba su taɓa haƙa ba, kusa da wurin haƙar kurum suka girma. Likitoci suna kiran ciwon mesoteliyoma. Ingila ta hana asbesto ɗungum a 1999, Afirka ta Kudu a 2008.

Ciwon ba ya fitowa sai bayan shekara 20 zuwa 50 da shaƙar ƙurar. Yawanci a tantanin huhu yake kamawa, da haki da ciwon haƙarƙari. Amma fa irin wannan tantani ba huhu kaɗai ke da shi ba, akwai shi a wurare uku kuma, to su ne darasinmu, gama a can ne ciwon yake shigar burtu.

Na fari shi ne tantanin ciki. Ruwa ya taru, ciki ya kumbura, mutum yana ramewa, a ce hanta ce. Wannan ya fi sauran biyun yawa, kuma akan taimaki waɗansu da fiɗa, a yanke abin da ya tsiro, sa'an nan a zagaya da magani mai ɗumi cikin cikin. Na biyu tantanin zuciya ne. Bai kai fiye da ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ba, yana kama da ciwon zuciya ko tarin fuka, sau da yawa kuwa sai bayan mutuwa ake gane shi. Dangantakarsa da asbesto ba ta fito fili kamar ta huhu ba.

Na uku shi ya fi cancantar a tsaya kansa, watau na tantanin maraina. Shi ma ƙalilan ne ƙwarai, amma da siffar gwaiwa yake zuwa, gwaiwa kuwa aba ce da namiji ke ɓoyewa cikin babbar riga shekara da shekaru don kunya. Kada a firgita jama'a: kusan dukan gwaiwa ruwa ne kurum, ba sankara ba, aikinta kuwa mai sauƙi ne. Sai dai galibi a wurin wannan aiki ne likita kan ga tsiron, ya yanki kaɗan a duba da madubin likita. Wanda ya tafi wurin wanzami aka tsiyaye masa ruwan, ko da ya sami sauƙi, babu wanda ya duba tantanin nan. Gwaiwar da ta yi saurin girma, ko ta yi tauri, ko ta komo bayan an zuƙe ta, lalle a kai ta asibiti.

Ciwon nan ba a ɗaukarsa daga mutum. Amma an sami matan da suka kamu don suna kakkaɓe tufafin aikin mazansu kafin wanki.

Ga abin da ake roƙon hakimai da magatakarda. In za a tura dattijo asibiti da ɗaya daga cikin alamun nan, a tambaye shi aikin da ya yi tun yana saurayi, ko gini, ko ɗora rufi, ko shimfiɗa bututu, ko gyaran birkin mota, a rubuta masa a takarda da shekarunsa, gama likita ba zai san wannan ba sai an faɗa masa. Rufin da yake lafiya a bar shi, haɗarinsa kaɗan ne muddin ba a taɓa shi ba. Kada a yanka shi da zarto, kada a huda shi. Wanda ya farfashe a yayyafa masa ruwa, kada a share busasshiyar ƙurarsa da tsintsiya, a sanar da ma'aikatan lafiya. A gargaɗi dagatai da masu unguwanni su hana yara wasa da gutsattsarinsa, kada kuma a zuba shi a cike ramin hanya.