Jakin da ke kai ƙarfe cikin jini

Ƴan uwa na Madawa, Buza da Keita, darasinmu na yau a kan jini ne.

A jikin babban mutum akwai ƙarfe wajen giram 4, nauyin ƙaramar ƙusa. Mafi yawansa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, masu kai iska ko'ina a jiki. A cikin ɓargo ake ƙera su. Kowace tana yin kwana 120, sannan a yi wata.

To, yaya ƙarfe yake isa ɓargo? Hanta tana yin wani abu mai suna taransferin. Ku ɗauke shi kamar jaki da mangala: ƙarfe ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Yana bin jini yana neman ƙofa. Jaririyar ƙwaya tana da ƙofofi da yawa. Jaki ya shiga, ya sauke kaya, ya fito, ya koma ɗauko wani. In ƙwaya ta girma, sai ta zubar da ƙofofinta. Ta ƙoshi ke nan.

Amma akwai ciwon daji na jini. Ƙwayoyinsa ba su girma, ba su aiki, sai hayayyafa. A 1981 masana suka gane cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna da ƙofofin nan masu yawan gaske. Jaki kuwa bai san mai gida ba, bai san ɓarawo ba. Inda ya ga ƙofa, nan yake saukewa. Miyagun ƙwayoyi su cika ɓargo, na kirki su rasa wuri.

Kada ku firgita. A wajenmu, yawancin ƙarancin jini daga zazzaɓin sauro ne, ko tsutsar ciki, ko ciki da haihuwa, ko rashin cin nama, hanta, wake da zogala. Wannan yana jin magani. Kuma masu shan shayi, ku daina haɗa shi da abinci, domin yana hana jiki karɓar ƙarfe.

Ga inda za ku lura. Yaro ya sha ƙwayar ƙarfe wata guda, tafin hannunsa yana nan fari. Zazzaɓi yana komowa. Dasashi ko hanci yana zubar da jini. Ƙashi yana ciwo. Kada ku ƙara sayen ƙwaya a kasuwa, kada a yi masa ƙaho ko tsaga. Ku kai shi gidan likita na Madawa ko asibitin Galmi, a auna jininsa. In ya kama, likita zai ba ku takarda zuwa Yamai.